Hula Mai Jela daga Ras Al Khor

Ina aji biyar a Dubai aka zaɓe ni in fito a wasan makaranta a matsayin wani Ba'amurke da ya sari daji ya kafa jiha. Na ce wa Baba ba zan yi ba, yara za su yi min dariya.

A garejin da yake aiki a unguwar Ras Al Khor ya yanki tsohuwar rigar kujerar mota mai gashi, ya ɗinka min hula har da jela. Warin baƙin mai take yi.

Ya kafa min ita ya ce, "Yalla, ɗaga kanka. Shi ma baƙo ne a ƙasar mutane, kamar mu. Sai dai mu da sallama muka shigo."

Har yau in na ji warin baƙin mai, sai in ɗaga kai.