Jarumin da Ke Kallon Ƙofa

"Wancan mai jar alkyabbar nake so," in ji mai sayen tsoffin kayan wasa, yana nuna kabad ɗin gilashi. "Irinsa ya yi wuya yanzu."

'Yar gidan ba ta iya ɗaga ido ba. Jaruman roba goma sha biyu ne a ciki, duk na yayanta. Tun suna yara yake da doka: in zai fita, sai ya juya mai alkyabba ya fuskanci ƙofa, in ya dawo ya juyo da shi da hannunsa. "Kika taɓa shi, 'yar tsako, sai na cire miki kunne," yakan ce.

Yana ɗan shekara goma ya tafi sayen sabon littafin jarumai mai zane, bai dawo ba. Shekara ashirin ke nan jarumin yana kallon ƙofa, makullin kabad ɗin kuma yana wuyan Mama. Sai jiya ta samu ta shawo kan Mama: jiran ya isa haka, a sayar.

"Mama, ga mutumin ya zo. Kawo makullin."

Mama ta fito, ta ja ta tsaya cak. "Wa ya buɗe?"

"Babu wanda ya buɗe."

Sai a lokacin 'yar ta duba da kyau. Jarumin ya ba ƙofa baya, su yake kallo. A kan ƙurar kafaɗarsa akwai sawun yatsu biyu, ƙanana.

Mama ta mayar da makullin cikin riga. "Malam, ka yi haƙuri, mai kayan ya hana." Sannan ta dubi 'yarta. "Ke kuma ƙara kwano ɗaya in za ki zuba abinci."