Famfon Bakin Kwari

Tunda ka ce za ka fito takarar kansila, zauna in ba ka misali. A wani ƙauye akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, gidanta ne na ƙarshe a bakin kwari. Duk damina sai ruwa ya gangaro daga tudu ya zabtare ƙasa, kwarin yana ta matsowa, har ya cinye ɗorawar da take ajiye ɗanyun tukwane a inuwarta. Da zaɓe ya zo, mutanen ƙauyen suka ce a zaɓi ɗansu da ke zaune a birni, shi ya iya magana da manya. Tsohuwa ta dangwala masa, ya kuwa zama kansila. Yaron kirki ne kuwa, sai dai rabonsa da yin damina a ƙauyen tun yana firamare. Da rani yake leƙowa, lokacin kwarin ya bushe, awaki na tsalle a ciki. Da ruwan fari ya kayar mata da katanga, ta roƙi mai unguwa ya kira mata shi a waya. Aka kara mata a kunne, ba ta saba ba, duk ta daburce. Abin da ya fito mata kawai, “Ɗana, ruwa zai kashe mu.” Ya ce, “Inna, bar min wannan.”

Bawan Allah bai zauna ba. Wata biyar yana sintiri a ofishin ciyaman, har muryarsa ta dishe. Bayan girbi sai ga ƙatuwar mota ta shigo ƙauye. Tsohuwa ta ɗauka kwarin za a cike, ta dafa wa ma'aikata ɗanwake. Ta ga suna huda ƙasa maimakon su zuba ta, ta ce to wataƙila haka ake yi yanzu. Ashe rijiyar burtsatse ce, a ƙauyen da ke da rijiya shida. Ranar buɗewa aka jawo ta gaba, wai ita za ta fara bugawa tunda ita ta kai kuka. Ta danna hannun famfo, ruwa ya ɓulɓulo, ya bi gangara ya nufi bayan ɗakinta. Jama'a na tafi, kansila na murmushi yana jiran godiya. Ita kuwa ta bi ruwan da kallo, ta rasa gane ita ce ba ta iya faɗa ba, ko shi ne bai iya ji ba. Ta dai yi godiyar. Kafin tsakiyar daminar da ta biyo baya ta kwashe tukwanenta ta koma gidan ƙanenta, ɗakin ya rufta kwari.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.