Talabijin da Ta Fi Ƙarfin Falo

Tunda ka ce gobe za ka kasuwa zaɓen talabijin, gyara zama in ba ka misali kafin ka tafi.

An yi wani tela da ba abin da yake so a duniya kamar ya ga mahaifinsa zaune a falonsa. Tsohon nan tun rasuwar matarsa ya rage magana, abu ɗaya ke fito da shi daga ɗaki: kallon dambe a talabijin bayan la'asar. Yakan zo da buzunsa ya shimfiɗa a ƙasa, don shi bai yarda da kujera ba, telan kuwa sai ya zame ya zauna kusa da shi, tunda ɗa ba ya zama sama da uba. Falon ɗan tsukuku ne, in ka miƙe ƙafa ka kusa taɓo bango, talabijin ɗin ma 'yar ƙarama ce. A nan tsoho ke dariya, a nan yake ba da labarin 'yan damben zamaninsu. Wata rana telan ya ga tsoho yana ƙanƙance ido, tausayi ya kama shi, ya ce wallahi sai ya sayo wa Baba babbar talabijin wadda ba a taɓa ganin irinta ba a unguwar. Mutumin da ko hula ba ya yankawa sai ya auna kai, sai ga shi ya tafi kasuwa ya bar magwajinsa rataye a kan keken ɗinki. A shagon mai faɗi da dogon rufi kowace talabijin daidai take a ido, ya nuna uwarsu duka. Sai da aka cire ƙyauren falo kafin ta shiga, kuma ba ta sami wurin zama ba sai can sama, ta cinye bango guda.

Tsoho ya zo ya shimfiɗa buzu, ya ɗaga kai kamar mai duban wata, ya ce, "Allah ya sanya alheri." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma ɗan dambe ya yi masa girma: in ya bi hannun dama sai na hagu ya ɓace masa, kafin ya juyo an riga an kai mutum ƙasa. Wuya ya ƙage, ido ya riƙa ruwa, jiri na ɗibarsa. Ka san dattijo da kawaici, ba zai buɗe baki ya kushe kyautar ɗansa ba. Sai ya riƙa jan buzu baya kaɗan-kaɗan, yau ya jingina da bango, gobe ya matsa kusa da ƙofa. Telan yana gani, amma farin ciki ya rufe masa ido, ya ɗauka iska tsoho yake nema. Ranar wata Juma'a ya dawo daga shago tare da abokansa don ya nuna musu abin arziki, sai suka tarar da mahaifinsa a waje, zaune a bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma, yana leƙen dambe ta labule kamar baƙon da ba a yi wa iso ba. Nan ne kawai idonsa ke iya ɗaukar hoton gaba ɗaya. Abokan suka durƙusa suka gaishe shi, ba wanda ya iya tsallake dattijo ya shiga, ba kuma wanda ya dubi telan. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa kansa, domin da hannunsa ya fitar da ubansa daga falon.

To, kafin ka dubi abin da ke shago, dubi ɗakinka da wanda zai zauna a ciki. Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.