Tsumma a Bakin Tanki

Kai da kake cewa a lallaɓa a haka tunda abin yana aiki, gyara zama ka ji wani misali.

A wani gari na kan duwatsu can arewa, inda ruwa kan kwana a buta a wayi gari ya zama ƙanƙara, an yi wani tsohon makanike da ke kula da motar wani ɗan kwangila. Irin motar nan ce mai dogon hannu da kwando a ƙarshensa, wadda ake ɗaga mutum a ciki ya gyara fitilun titi. Mai ne ke bi ta cikin tiyo yana tura hannun: a ja liba ya hau, a mayar ya sauka. To, murfin tankin man nan ya ɓace tun da damina, maigidan ya sa aka cusa tsumma a gurbinsa. Ga shi kuma mutum ne mai son a gani a yaba, kowace Juma'a sai an wanke motar tas, ruwa na kwarara har tsumman ya sha ya ƙoshi. Ran da tsohon ya tsoma yatsa a tankin, sai ya ga man ya yi fari kamar kunun gyaɗa. Ya san ruwa ya shiga, ya kuma san abin da sanyi ke yi wa ruwa. Ya ce a ba shi kwana biyu kacal, ya juye man, ya wanke hanyoyinsa, ya sa murfi. Maigidan ya jira sai da rana ta take, ya ja liba, hannu ya miƙe sumul, ya kwashe da dariya ya ce ai makanike ba ya taɓa ganin mota lafiya. Ka ji fa! Ciwon asuba ake gwadawa da azahar.

Da sanyi ya kankama, sai libobi suka fara ƙagewa da safe. Maimakon kunya ta kama maigidan, sai ya ɓullo da dabara: a tafasa ruwa a buta a kwarara a kansu. Suna jin ɗumi su saki, shi kuma ya yi ta baza riga wai ya fi makanike sani. Tsohon nan ya rasa inda zai sa kansa don takaici. Ba ƙarfen ne ya dame shi ba. Mai hawan kwandon ne, wani magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda kullum ake cilla shi sama kusa da wayar wuta da bismillarsa kaɗai. Shi ke nan ran mutum ya zama abin jingina wa buta? Wata safiya ya kasa daurewa, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya ce wallahi ba da shi za a mayar da yaran mutane marayu ba. Maigidan ya fizge makullinsa ya ce, "Baba, kai ne sanyi ya kama, ba mota ba. Je ka gida ka ji ɗumi." Tsohon ya tattara sufanunsa. Da zai wuce, ya dubi mai hawan ya ce masa, don Allah don Annabi, kada ya sake shiga kwandon nan kafin hantsi.

Bayan kwana uku tsohon yana zaune a ƙofar gida da sassafe, sai ga direban motar a guje, ko takalmi babu. Ashe mai hawan ya ji magana ya ƙi hawa, maigidan ya kira shi rago, ya kwarara ruwan butarsa, ya shige kwandon da kansa don ya kunyata shi. Hannu ya ɗaga, ya doshi waya, maigidan ya mayar da liba ta ƙi komawa. Ba don direban ya kashe inji ba, da tuni an gama. Yanzu ga shi can a maƙale, tsakaninsa da wuta bai fi taki ɗaya ba, ba kuma wanda ya isa ya sake tayar da injin.

Tsohon ya so ya ce a kai wa maigidan buta. Har maganar ta zo bakinsa, ya haɗiye ta, don rai ba abin ramuwa ba ne. Ya isa ya tarar an jiƙe motar sharkaf da ruwan zafi, alhali ƙanƙarar tana can cikin tiyo a tsakiyar hannu, inda buta ba ta kaiwa. Ya durƙusa ya sassauta noti ɗaya a gindin hannun, man ya riƙa ɗiga fari fat da tsakuwoyin ƙanƙara, kwandon na sauka kaɗan-kaɗan da nauyin kansa. Sai dai kafin ya zo, iska ta riga ta kaɗa wayar ta lashi hannun maigidan na dama. Aka fito da shi yana karkarwa, bai iya haɗa ido da kowa ba. Tsohon ya miƙe tsaye. Ya zare jiƙaƙƙen tsumman daga bakin tanki, ya matse shi a gaban maigidan, ya yar.

Maigidan ya rayu, mai hawan ma ya koma wa 'ya'yansa da ƙafafunsa. Amma hannun nan da ya zuba ruwan bai sake iya ɗaukar buta ba, ko ta alwala sai an zuba masa. Da ma Hausawa sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.