Direban Tsoho Oon

Ana gab da sabuwar shekara Gaik Lean ta yi wa gidan mahaifinta sharar nan da ake yi don kore tsiyar bara. Ba ta daɗe da dawowa Penang ba, bayan rasuwar mahaifiyarta, kuma ta zo da zafin 'yar da ta jima a waje, mai son rama komai lokaci guda. Ta kwashe wayoyi da ƙarafunan da suka cika ɗakin baya. Tsohuwar kwamfutar da ke gefen gado ma ta haɗa wa mai sayen tarkace, ta dasa sabuwa fil a wurinta.

Da waccan kwamfutar mahaifin nata, tsoho Oon, yake magana. Ciwo ya cinye jikinsa sannu a hankali, har ƙifta ido ya daina yi masa biyayya. Abin da ya rage wani ɗan motsi ne a goshi wanda ido ba ya gani. Wata 'yar na'ura ke kama shi, kwamfuta ta mayar da shi kalmomi. Aka jona na'urar a sabuwar kwamfuta, shiru. Mai tarkace kuwa tuni ya farfasa tsohuwar.

Ga shi likita na jiran amsa: a huda maƙogwaron tsohon a sa masa bututun numfashi, ko a bar shi ya tafi cikin sauƙi. Tsohon ya riga ya ce shi zai faɗa da kansa bayan bikin sabuwar shekara. Numfashin kuwa kullum raguwa yake yi.

Ta ɗauko Sivam mai gyara daga kasuwa. Ya ce mata tsakanin kowace na'ura da kwamfuta akwai 'yar manhaja mai tafinta, su direba suke ce mata. Tsohon tsari yana barin direba ya shiga har ƙuryar kwamfuta yadda ya ga dama. Sabon tsari ya sake ƙofa, kuma ba ya buɗe wa wanda ba shi da hatimi.

“Yaya, kin zubar da doki kin sayo mota, ga sirdi a hannunki,” in ji shi. Da ya ga fuskarta sai ya haɗiye dariyarsa.

A kwalin na'urar akwai faifai guda, babu sunan kamfani. Ita dai a zatonta asibiti ne ya ba su. Sivam ya kinkimo wata tsohuwar kwamfuta daga shagonsa, direban ya hau lafiya lau, amma ya tsaya yana neman a saita shi da ƙarfin motsin majinyaci. Ya gwada iya saninsa. Duk lokacin da ya taɓa wani abu, idon tsohon na kan allon, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

“Yi haƙuri Kawu, mun kusa,” Sivam ya ce, alhali ya san ƙarya yake yi.

Gaik Lean ta durƙusa ta riƙe hannun tsohon. “Baba, ni na jawo. Idan ba ka faɗa ba ni za su tambaya, kuma ban san abin da kake so ba.” Tsoro ya kama ta sosai, ta tashi ta shige kicin don kada ya ga kukanta.

Sivam ya ga hanya ɗaya ce ta rage, a nemo wanda ya rubuta direban. Shi kaɗai zai iya saita shi, ko ya sake rubuta shi don sabon tsari. Ya yi ta tono a cikin faifan har ya ci karo da lambar waya, ta nan cikin gari ma. Cikin murna ya danna ta.

Tarhon falo ya fara ƙara. Gaik Lean ta ɗauka, Sivam ya ji muryarta ta kunne biyu, a waya da kuma daga falon, sannan ya juya a hankali ya dubi tsoho Oon, mutumin da suke nema, kwance yana kallonsa.