Ƙullin da Ke Jikin Wayar

"Ba zan sa hannu ba," in ji injiniyar.

Ɗan kwangilar ya sake turo mata takardar amincewa. "Waya ai waya ce, yarinya."

Samfurin wayar lantarkin da ya kawo da farko jan ƙarfe ne zalla. Wadda aka sauke a ginin makarantar Kalakla kuwa, tana kankarewa sai ga farin alminiyon, irin mai zafi cikin bango har wuta ta tashi. Amma ƙullin igiyar da ke jikin naɗin ya fi tsorata ta. Mai sayar da waya ɗaya ne ke yin irinsa a Kasuwar Libiya, shi ya koya mata tana ƙarama.

Ta rubuta, "An ƙi."

Aikin ya kuɓuce mata. Wata bakwai ke nan mahaifinta, mai wannan ƙullin, bai amsa gaisuwarta ba.