Ɗorawar da Ta Yi Shiru

Tun da aka fara yi wa itatuwa allurar da ke sa su yin fure rani da damina, ba wanda ya ƙara gane ƙarshen kakar zuma. Tukur ya kasa zama da safen nan. Ya hura hayaƙi zai ɗebi zuma a amyarsa ta bayan gida, ya kashe, ya sake hurawa.

"Kai, ka ɗeba ko ka bar mu mu sha iska!" in ji mahaifiyarsa, Inna Delu, tana dama kunu. "Ga ɗorawa can jawur da fure. Ƙudan zuman za su sake cika amyar."

"Inna, saurara. Kin ji ƙararsu?"

Ta kasa kunne. Ɗorawar shiru, ko ƙudan zuma ɗaya babu a kanta: furen allura ne, ba zaƙin da za su tsotsa. A bakin amya kuwa sai jawo mazansu waje suke suna yarwa, yadda suke yi in abinci ya yanke. In ya ɗeba yau, yunwa ce ajalinsu.

Sai ƙudan zuma ɗaya ya sauka a bakin ƙwaryar Inna, wani ya biyo, suna lasar kunun.

Tukur ya take wutar. Inna ta ɗaga hannu za ta kore su, sai ta fasa.

"Miƙo min sukari," ta ce.